Talabijin a Matsayin Allon Kwamfuta: Abin da Yake Yi wa Ƙugiyar Boko da Wasalin Ajami

Tsakure

Wannan maƙala ta duba al'adar jona kwamfuta da akwatin talabijin domin ya maye gurbin allonta, ta fuskar mai aikin karatu da rubutu. Ta nuna cewa ko da yake a yau da kayan haɗi kusan iri ɗaya ake ƙera talabijin da allon kwamfuta, an gina su ne a kan zato biyu mabambanta game da wanda ke gabansu. Na farko yana ɗauka hoto mai motsi ake hange daga nesa, na biyu kuwa yana ɗauka rubutu ake dubawa daga kusa. An bi asalin wannan rabuwa, aka nuna wuraren da take taɓa rubutun Hausa, wato ƙugiyar haruffan boko, da alamun karin sauti, da wasulan da aka yi da jar tawada a kundayen ajami. An kuma fayyace sharuɗɗan da idan sun cika talabijin kan yi wa mai nazari amfanin da ƙaramin allo ba zai yi ba.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya kama ɗaki a Landan, ko malamin da ke koyarwa a Jidda, ko mai fassara da ke zaune a Kumasi, sau da yawa abu ɗaya ne a gabansa: kwamfutar tafi-da-gidanka mai allo inci 13 ko 14, wadda a kanta zai rubuta kundi mai shafi ɗari uku, ga kuma talabijin mai inci 43 rataye a bango, ba ya aikin komai da rana. Waya guda ta HDMI ta isa ta haɗa su. Da an jona sai hoto ya fito, babba mai ƙyalli, har mutum ya ga kamar tsintuwa ya yi. Bayan sa'a ɗaya ko biyu ne zai fara jin ido na yaji, ya ga haruffa kamar an rubuta su a kan jiƙaƙƙiyar takarda, kibiyar linzamin kwamfuta kuma tana bin hannu a baya-baya.

Ga mai kallon fim wannan ba abin damuwa ba ne. Ga mai aikin matani kuwa akwai abin da zai iya salwanta. Tsakanin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ko fada da faɗa, ko bari da ɓari, ba abin da ya raba su a rubuce sai wata 'yar ƙugiya a kan harafi ɗaya. Mai tace rubutu domin ɗab'i, idan allonsa yana dusashe wannan ƙugiya, kuskure zai wuce shi ya shiga littafi. Haka nan mai juya waƙar ajami zuwa boko daga hoton kundi: idan bai bambance ɗigon harafi da ɗigon wasali ba, karatun da ya yi shi ne waɗanda suka biyo bayansa za su yi ta ambatowa. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: me talabijin yake yi wa hoton da kwamfuta ta aiko masa kafin ya nuna shi, kuma wanne daga cikin waɗannan ayyuka ake iya hana shi?

2.0 Yadda Suka Haɗu, Suka Rabu, Suka Sake Haɗuwa

Jona kwamfuta da talabijin ya girmi yawancin masu yin sa a yau. A watan Satumba na 1973 mujallar Radio-Electronics ta Amurka ta buga tsarin wata na'ura ta Don Lancaster mai suna TV Typewriter, wadda ke fitar da layi 16, kowane layi harafi 32, a kan talabijin na gida. Da yawa daga cikin kwamfutocin gida da suka biyo baya a kan wannan turba suka tafi, domin allo na musamman yana da tsada, talabijin kuwa yana nan a falo. Apple II ta 1977, da ZX Spectrum ta kamfanin Sinclair a Ingila, da Commodore 64, waɗanda suka fito a 1982, duk ana iya jona su da talabijin. A ƙasashen Larabawa ma kwamfutocin Sakhr, da wani kamfanin Kuwait ya yaɗa a shekarun 1980 da haruffan Larabci, ta talabijin yara suka san su.

Abin lura shi ne yawan haruffan da waɗannan na'urori ke ɗauka a layi. ZX Spectrum 32 take ɗauka, Apple II da Commodore 64 kuwa 40, VIC-20 ma 22 kacal. Alhali aikin ofis ya saba da 80, gadon da ya samo daga katin huji na IBM mai gurbi 80. Dalilin gazawar yana cikin talabijin. Harafi 80, kowanne mai faɗin ƙwayar hoto takwas, na nufin ƙwaya 640 a layi, wanda ke bukatar sigina mai kusan megahaz 7. Tsarin NTSC na Amurka kuwa megahaz 4.2 ya ware wa hasken hoto, tsarin PAL da Birtaniya da Nijeriya da Gana suka bi ya ɗan ɗara haka kaɗan. Duk abin da ya wuce wannan iyaka cakuɗewa yake yi. Shi ya sa lokacin da IBM ta fito da kwamfutarta a 1981 ta tanadi allo na daban mai launi ɗaya, mai ɗaukar harafi 80 a layi 25, domin masu aikin rubutu. Daga nan hanya ta rabu, har zuwa fitowar VGA a 1987, wanda ya daɗe yana zama ma'aunin allon kwamfuta.

Haɗuwar ta biyu ta zo ne da shafaffen allo da kuma HDMI, wanda aka fitar da ƙa'idarsa ta farko a ƙarshen 2002. Tun da dukansu biyu yanzu da lambobi suke karɓar hoto, kuma gilashinsu iri ɗaya ne, sai aka ɗauka bambanci ya ƙare. Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar da aka ƙirƙiro a Kambirij aka fara sayarwa a 2012, da niyyar jonawa da talabijin na gida aka yi ta. Sai dai kama da wane ba wane ba ne. Halayen da talabijin ya taso da su tun zamanin akwati mai ƙeya suna nan a cikin manhajarsa.

3.0 Yawan Ƙwaya da Tazarar Zama

Hoton kowane allo tarin ƙananan ƙwayoyi ne a jere, waɗanda ake kira fiksel. Girman allo bai ƙara yawansu ba, girman kowace ƙwaya yake ƙarawa. Allon kwamfuta mai inci 24 da ke ɗauke da ƙwaya 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da kimanin ƙwaya 92 a kowane inci. Idan aka shimfiɗa wannan adadi a kan talabijin mai inci 43, abin da za a samu bai wuce 51 ba. Mafi muni shi ne talabijin mai inci 32 na araha, irin wanda ya cika kasuwanni da ɗakunan haya, domin da yawa daga cikinsu ƙwaya 1366 da 768 suke da ita, wato kimanin 49 a inci. Irin wannan talabijin yakan karɓi sigina mai 1920 da 1080 ba musu, har ya rubuta haka a kusurwa, sa'an nan ya matse ta a ɓoye ta dace da ƙwayoyinsa, waɗanda kusan rabin waɗanda aka aiko ne.

Ga yadda lissafin yake taɓa harafi. Manhajar Windows tana ɗauka akwai ƙwaya 96 a inci, saboda haka rubutu mai lamba 12 yana samun gurbi mai tsayin ƙwaya 16. A cikin wannan gurbi, ƙugiyar ƙ ko ɗ ba ta wuce ƙwaya biyu ko uku ba. Alamar faɗuwar sauti ko ta tsawon wasali, irin waɗanda Paul Newman ya yi amfani da su a ƙamusunsa na 2007, su ma haka suke, kuma inda aka ɗora alamar sauti a kan ta tsawo, ƙwaya ɗaya ce kan raba su. Idan talabijin ya matse ƙwaya 16 ta koma 11, waɗannan 'yan alamu su ne farkon abin da ke narkewa, domin gangar jikin harafi tana da kaurin da za ta jure, su kuwa ba su da shi.

Lafiyayyen ido yana bambance abubuwa biyu da ke da tazarar kashi ɗaya cikin sittin na digiri. A kan wannan ma'auni, ƙwayoyin allo mai 92 a inci suna ɓacewa daga kimanin santimita 95, na talabijin mai 51 kuwa sai an ja da baya kimanin santimita 170. A kan gado ko kujerar falo wannan daidai ne. A kan teburin karatu, inda ido bai fi santimita 60 zuwa 80 daga allo ba, mutum zai riƙa ganin ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar ramukan rariya.

Talabijin mai 4K, wato ƙwaya 3840 da 2160, shi ne ya canza wannan hukunci. Mai inci 43 daga cikinsu yana da kimanin ƙwaya 102 a inci, ya ma ɗan fi allon ofis na yau da kullum, kuma daidai yake da allo huɗu masu inci 21 da rabi a haɗe ba tare da katanga a tsakani ba. A nan ne talabijin yake da abin faɗi. Mai tahƙiƙin matani yana iya buɗe kwafi biyu na waƙa ɗaya gefe da gefe, kowane shafi ya fi girmansa na asali, ga ƙamus a ƙasa, ga kuma shafin da yake rubutu. Wanda ya taɓa yin wannan aiki a kan allo mai inci 13, yana rufe wannan yana buɗe wancan, ya san yawan kuskuren da ke shiga ta wannan kai-da-komo. Tun da shirin Laburaren Birtaniya na ceto kundayen da ke fuskantar salwanta, wanda aka fara a 2004, da Laburaren Ajami na Afirka da ke Jami'ar Boston suka ɗora hotunan kundaye masu yawa a intanet, karatun kundi ya koma kan allo ga mafi yawan manazartan da ke nesa da gida, don haka faɗin allo ya zama kayan aiki.

Amma girma yana da iyaka. Faɗin mai inci 43 ya kai santimita 95, tsayinsa 53. Mai inci 55 kuwa faɗinsa santimita 122 ne, ƙwayoyinsa sun sauka zuwa 80 a inci, kuma wanda ya zauna kusa da shi da wuya zai riƙa karatu, yana ɗaga kai yana waige har kafaɗa ta riƙe. Ga aikin tebur, daga inci 40 zuwa 43 ne ya fi dacewa, a kuma sauke shi daga saman bango yadda gefensa na sama ba zai yi wa ido nisa ba.

4.0 Tsimin Launi

Wannan shi ne lahanin da ya fi ɓoyuwa, kuma shi ya fi shafar mai aikin kundi. Asalinsa yana komawa ga 1953, lokacin da Amurka ta amince da tsarin talabijin mai launi. An bukaci sabuwar sigina ta yi aiki a kan tsofaffin akwatuna marasa launi, sai aka raba hoto gida biyu: haske, wato duhu da fari, da kuma launi. Da yake idon ɗan Adam ya fi kaifi wajen ganin bambancin haske a kan na launi, sai aka bai wa haske babban kaso, aka cusa launi a ɗan abin da ya rage. Dabarar ta yi kyau ƙwarai, har ta tsallako zamanin lambobi. Faifan DVD da Blu-ray da tashoshin tauraron ɗan Adam da finafinan intanet kusan duk da tsarin da ake kira 4:2:0 suke zuwa, inda kowace ƙwaya ke da nata haske, amma ƙwaya huɗu, biyu sama biyu ƙasa, suke tarayya a launi ɗaya. Da wannan kaɗai an rage rabin bayanan hoto. A tsarin 4:2:2 ƙwaya biyu ke tarayya. A 4:4:4 ne kowace ƙwaya ke riƙe da launinta, kuma shi ne abin da kwamfuta ke fitarwa, shi ne kuma allonta ke nunawa ba tare da an roƙe shi ba.

Talabijin da yawa, ko da an aiko musu da cikakken launi, sukan rage shi a cikin cikinsu, saboda injin sarrafa hotonsu a kan bidiyo aka tsara shi. A fuskar ɗan wasa ba wanda zai lura. A kan siririn layi mai launi kuwa, wanda faɗinsa bai wuce ƙwaya ɗaya ko biyu ba, launin yakan malala zuwa maƙwabta, ya kuma kwashe rabin ƙarfinsa. Ja da shuɗi su suka fi shan wahala, domin a ma'aunin talabijin na zamani kore ne ke ɗauke da kimanin kashi 72 cikin ɗari na haske, ja 21, shuɗi 7. Abin da ya bambanta jan rubutu da baƙi, kenan, yawancinsa yana cikin ɓangaren da ake yi wa tsimi.

Duk wanda ya saba da kundayen ƙasar Hausa ya san matsayin jar tawada. A rubutaccen Alƙur'ani na ruwayar Warshu, da baƙi ake rubuta haruffa, da ja ake yin wasali, hamza kuma da rawaya. Wasu marubuta ajami sun bi wannan al'ada a waƙoƙi da littattafai, wasu kuma da ja suke rubuta matani su bar sharhi da baƙi. A salon Magariba da aka gada, fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf tana da ɗaya a sama, sannan ɗigon imala da ke nuna wasalin e shi ma a ƙarƙashin harafi yake zama, kusa da inda ɗigon ba yake. Inda tawada ta kwana shekara ɗari, baƙi ya koma ruwan ƙasa, ja ya dusashe, takarda ta yi ruwan ƙwai, ɗan bambancin launin da ya rage shi ne ke gaya wa mai karatu wane ɗigo ne na harafi, wane ne na wasali, wane ne kuma tabon ƙwaro. Wannan ɗan bambanci shi ne talabijin ke zubarwa domin yana ganin ido ba ya bukatarsa.

Ana iya cewa ai hotunan kundin ma, idan JPEG ne, an riga an yi musu irin wannan tsimi tun wurin ɗauka. Gaskiya ne, sau da yawa haka abin yake. Sai dai hoton da aka ɗauka da kyamarar adana kundi yakan ninka ƙwayoyin allo, don haka idan kwamfuta ta rage shi ya shiga allo, kowace ƙwayar allo tana samun launinta cikakke. Tsimin talabijin kuwa a ƙarshen hanya yake aukuwa, a kan ƙwayoyin da ido zai gani, inda babu sauran abin cike gurbi.

Baƙin rubutu a kan farin shafi ma bai tsira ba. Kowace ƙwaya 'yan fitilu uku ce, ja da kore da shuɗi a jere. Dabarar ClearType, wadda Microsoft ta sanar a 1998, tana kunna waɗannan 'yan fitilu ɗaiɗai a gefen harafi domin ta ninka laushinsa, wato tana zana baƙin harafi da taimakon launi. Idan aka yi tsimin launi, aikin nata ya lalace, sai a ga harafi da wani kore ko ja a gefe. Bugu da ƙari, talabijin da yawa jerin fitilunsu a juye yake, shuɗi ne farko ja a ƙarshe, na OLED na kamfanin LG kuma suna da ta huɗu fara. Juyayyen jeri ana iya gyara shi daga wurin saita ClearType. Kwamfutocin Apple sun daina wannan dabara tun 2018, don haka wannan ɓangare bai dame su ba.

Maganin tsimin yana da sauƙi ga wanda ya san da shi. A talabijin na LG da Samsung, idan aka shiga jerin mashigai aka sauya sunan mashigar ko alamarta zuwa PC, injin yakan bar launi cikakke. Gwajinsa ma ba ya bukatar na'ura: a rubuta baki da baƙi, kafa da ƙafa, da jan rubutu mai lamba 10 a kan shuɗin shafi, a duba daga wurin zama. In ƙugiya ta fito ras, an dace. In kalmomin biyu sun zama tagwaye, ana tsimi a wani wuri.

5.0 Gyaran da Ba a Nema Ba

Allon kwamfuta abin da aka ba shi yake nunawa. Talabijin kuwa ɗauka yake duk hoton da ya shigo yana da aibi, shi ne kuma zai gyara. Na farko a cikin gyare-gyarensa shi ne yankan gefe. A zamanin akwati mai ƙeya gefen hoto ba ya tsayawa daidai, sai aka saba faɗaɗa shi kaɗan ya wuce bakin gilashi. Al'adar ta zauna, har yau wasu talabijin suna yanke kimanin kashi biyar cikin ɗari na hoto su miƙe sauran. Abin da ake fara gani shi ne layin ƙasa na Windows ya ɓace rabi. Ɓarnar da ta fi wannan ita ce ƙwayar kwamfuta ta daina faɗawa a kan ƙwayar allo ɗaya bisa ɗaya, kowane layi ya rabu tsakanin ƙwaya biyu. Sunan maɓallin kashe shi ya bambanta: Just Scan a LG, Fit to Screen a Samsung, Full Pixel a Sony.

Na biyu shi ne ƙarin kaifi. Injin yana neman duk inda duhu ya haɗu da haske ya zana farin layi a gefe domin hoto ya yi kamar ya fi fitowa. Rubutu kuwa gefe ne gaba ɗayansa, sai kowane harafi ya samu rawani, ramin da ke cikin ƙugiya ya toshe. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Haka mai share ƙura daga hoto, wanda bai san bambancin ƙura da ɗigon nun ba, da mai sauya haske gwargwadon abin da ke allo, da mai ƙirƙiro hotuna a tsakanin hotuna don motsi ya yi sulɓi. Dukansu kashewa ake yi.

Waɗannan ayyuka suna cin lokaci, shi ne jinkirin da ake ji a linzami. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa yana ɗaukar kimanin milisakan 17 a kan kowane hoto. Talabijin da ke cikin tsarin kallon fim yana iya riƙe hoto fiye da milisakan 100, tsarin wasa kuma ya sauke shi zuwa tsakanin 10 da 20. Masu wasan bidiyo ne suka matsa wa kamfanoni har aka samar da wannan tsari, masu rubutu suka ci albarkacinsu.

Akwai kuma saɓanin ma'aunin duhu. Kwamfuta daga 0 zuwa 255 take ƙirga matakan haske, bidiyo kuwa daga 16 zuwa 235. Idan ɗaya na magana da wannan ma'auni ɗaya na saurare da wancan, ko dai baƙi ya koma toka-toka, ko kuma matakan da ke kusa da baƙi da fari su haɗe. Ga hoton tsohuwar takarda, na biyun yana nufin ɓacewar rubutun gefe da ya dusashe.

6.0 Waya da Mashiga

HDMI 1.4 na 2009 yana ɗaukar 4K sau 30 kawai a daƙiƙa, abin da ke sa kibiya tsalle-tsalle. HDMI 2.0 na 2013, mai gigabit 18 a daƙiƙa, shi ne mafi ƙarancin abin da ke ɗaukar 4K sau 60 da cikakken launi, kuma da ƙyar yake ɗauka: idan aka kunna HDR mai zurfin launi 10, wuri ya ƙare, sai na'urorin su koma 4:2:2 ba tare da sanarwa ba. Don haka mai aikin rubutu a kan irin wannan mashiga gara ya bar HDR a kashe. HDMI 2.1 na 2017, mai kaiwa gigabit 48, ya kawar da matsalar. Dole ne kwamfuta da waya da mashigar talabijin su uku su kai matakin, domin mafi rauni a cikinsu shi ke yanke hukunci, kuma 'yan na'urorin juya USB-C zuwa HDMI na araha da yawa a sau 30 suke tsayawa. Wani abin mamaki, talabijin da dama suna zuwa da cikakken ƙarfin mashigarsu a kulle, sai an buɗe shi da hannu: HDMI Ultra HD Deep Colour a LG, Input Signal Plus a Samsung, Enhanced format a Sony.

7.0 Zama da Shi Yau da Gobe

Sauran matsalolin ƙanana ne, sai dai kullum ake haɗuwa da su. Allon kwamfuta yana barci tare da ita ya farka tare da ita, talabijin kuwa yawanci sai an nemo rimot. Gilashinsa mai sheƙi yana dawo da hoton taga. Ya fi ƙaramin allo shan wuta nesa ba kusa ba, abin da mai dogaro da sola ko janareta zai saka a lissafi. Na OLED, duk da kyan baƙinsa, fitilunsa suna tsufa gwargwadon aikin da kowace ta yi, saboda haka layin ƙasa da farin shafin da ke tsaye wuri ɗaya sa'a takwas kullum suna iya barin tabo na dindindin, kuma yakan rage haske da kansa idan ya ga hoto ya daɗe bai motsa ba, wanda shi ne halin shafin karatu. Ga mazauna Birtaniya, amfani da talabijin a matsayin allo kawai ba ya wajabta lasisin talabijin, muddin ba a kallon shirin kai-tsaye ko BBC iPlayer.

8.0 Allon da Ke Kallon Mai Shi

Talabijin na zamani kwamfuta ce mai zaman kanta, mai jone da intanet, kuma kamfanonin da ke ƙera shi suna samun kuɗi daga talla. Da yawa suna ɗauke da manhajar da ke ɗaukar samfurin abin da ke kan allo lokaci-lokaci, ta mayar da shi wani gajeren tambari na lambobi, ta aika wa kamfani domin a gane abin da ake kallo. A watan Fabrairu na 2017 kamfanin Vizio ya amince ya biya dala miliyan 2.2 ga hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka da jihar New Jersey, bisa tuhumar tattara bayanan kallo daga talabijin miliyan 11 ba da yardar masu su ba. A 2024 wasu manazarta daga Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, da Kwalejin Jami'a ta Landan, da Jami'ar Carlos III ta Madrid suka gwada talabijin na Samsung da LG, suka tarar wannan manhaja tana ci gaba da aiki har lokacin da hoton ke shigowa ta HDMI daga wata na'ura.

Abin da ake aikawa tambari ne, wanda aka tsara don gane finafinai da tallace-tallace, kuma ba shafin ne sukutum ake ɗauka ba. Duk da haka, manazarcin da ya sa hannu a takardar alkawarin kare sirrin waɗanda ya yi hira da su, ko wanda wani gida ya ba shi amanar hoton kundin kakanni bisa sharaɗin kada ya fita, yana da dalilin da zai ƙi ɗora su a kan na'urar da ke aika wani abu game da su zuwa inda bai sani ba. Binciken na 2024 ya nuna cewa kashe wannan zaɓi yana tsayar da aiken. A LG sunansa Live Plus, a Samsung kuma Viewing Information Services. Wanda bai gamsu da maɓalli ba yana iya cire talabijin daga intanet ɗungurungum, ya goge kalmar sirrin wayafai daga cikinsa, tun da hoton da ke bin wayar HDMI ba ya bukatar intanet kafin ya isa allo.